Abin da Dutsen Guga Ya Ci

Tun daga bakin ƙofa Auta ta san an gama da ita.

Rigar tana rataye a ƙusar ƙofar ɗakinta, an goge ta sumul, karin hannun nan a tsaye kamar bakin wuƙa. Duk layin, mutum ɗaya ne ke fitar da kari irin wannan, shi ne wanda ya haife ta.

Jiya da yamma ta ciro rigar daga ƙasan akwati ta shanya a igiyar baranda don warin kafur ya fita, da niyyar ta ɗauke kafin ta kwanta. Sai Inna ta tsare ta da mita har barci ya kwashe ta. Baba kuwa, mai wanki da guga tun kafin a haife ta, shi ke riga kowa tashi ya hura gawayi. Ya ga rigar 'yarsa a yamutse ranar da baƙonta zai zo. Ina zai iya wucewa?

Ta fizgi rigar ta faɗa ɗaki ta danna sakata. Ta ɗauki reza ta farke kalmasar ƙasan rigar, can tsakanin duwatsun ado. Takardar ta faɗo kan cinyarta.

'Yar siririya ce, irin ta rasit, haruffa da lambobi a jere kamar tururuwa. A tsakiyarsu ga baƙin tabo ƙirin, siffar harshe, da ɗan giɓi a tsininsa. Haruffan da ke wurin sun tafi.

Auta ta toshe baki da rigar don kada a ji ta.

Takardar ta Injiniya ce. Injiniyan nan dai ba wata makarantar injiniyoyi ya yi ba, waya yake gyarawa a wata 'yar rumfa a kasuwa. Auta ce ta laƙaba masa sunan ya bi shi, Inna kuwa Ɗan Sukudireba take ce masa, ko yana ji ko ba ya ji. Ya daɗe yana sintiri a ƙofar gidan, har karnukan layi sun daina yi masa haushi. Da Baba ya gaji sai ya kira shi ya yanke magana.

"Ban ce ka zo da mota ba, ban ce ka zo da bene ba. Wurin da za ka ajiye min 'ya nake son gani, naka na kanka, ko ɗaki ɗaya ne. Asabar da la'asar ka zo min da shaida. In babu, ka matsa daga ƙofar nan. Ba zan yi mata dole ba, amma ba na ba da ita ga mai kwana a rumfa."

Yau ce Asabar ɗin.

Duk abin da Injiniya ya tara, a kirifto ya zuba shi, kuɗin nan na intanet da ba a gani ba a shafawa. Bai yarda ya bar mabuɗinsu a waya ba, don a sana'arsa ya ga yadda ake yashe mutane suna zaune da wayarsu a aljihu. Sai ya samo tsohuwar kwamfuta wadda ba ta taɓa jin ƙamshin intanet ba, ya fitar da mabuɗin, ya buga shi da ɗan injin rasit ɗinsa, ya sa almakashi ya raba biyu.

Ranar da ya miƙa mata rabi, cewa ya yi, "Kuɗin ba a takardar suke ba, wannan mabuɗinsu ne. Kuma ba shi da na biyu. Babu bankin da za ki je ki yi kuka, babu manajan da zai ji tausayinki. Inna ta ce ni ɗan iska ne mai bin iska, wata rana zan ɓace. To ga shi, ko sisi ba zan iya taɓawa ba sai da ke."

Ya yi mata kashedin ruwa. Ya yi mata kashedin ido, kada hoto, kada kwafi, kada ta nuna wa kowa. Abu ɗaya ya manta, cewa 'yar gidan guga yake nema, ita kuma takardar rasit ko rana ce ta dake ta sai ta canza fuska, balle dutsen guga.

Shirin yau kuwa mai sauƙi ne. Ta kai masa rabinta da safe, ya haɗa, ya sallami dillali, ya karɓo takardar ɗan gidan da ya gani, ya zo gaban Baba da ita.

"Ke Auta, mutuwa kika yi a ciki?"

Inna ce. Auta ta share ido ta buɗe, takardar a dunƙule a tafin hannunta.

Inna ta dube ta sama da ƙasa ta taɓe baki. "Tun yanzu har an fara kukan? Ai da saura. Ki bari ki shiga gidan Ɗan Sukudireba tukuna, ranar da za ki ɗora tukunya ya miƙo miki mataccen batir ya ce cefane ne."

"Inna, don Allah."

"Don Allah me? Ga mutum kamar mutum yana binki, shago uku, injina sai ka ce masaƙa, ko tari kika yi sai ya aiko da kaya. Kin tsaya wajen mai warin dalma. Ni dai na faɗa, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba."

Ta wuce tana ci gaba da maganarta ita kaɗai. Mai shago ukun da take nufi shi ne mai maɗaba'ar bakin titi, wanda matan layi ke kira Ƙamshi, don turarensa ke riga shi sallama. A wurinsa yayan Auta yake aiki, kuma tun da Ƙamshi ya ɗora ido a kan Auta, Yaya ya tashi daga mai share ƙasa ya koma mai riƙe mabuɗin shago. Shi ya sa in ana maganar auren nan Yaya ya fi Inna zafi.

Auta ta zauna bayan kantar karɓar wanki ta sake buɗe hannunta, ko Allah zai sa idonta ne ya yi mata gizo. Ba ta ji tahowar Yaya ba sai da inuwarsa ta rufe ta.

"Mece ce wannan?"

"Ba komai."

Ya kama wuyan hannunta ya duba. Yaya ba jahili ba ne a harkar, yana jin hirar samari. Ya ɗan yi fito.

"Dukiyar angon ce ta koma gawayi? Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Ta kalli ƙofar ɗakin guga, inda tururi ke fitowa, Baba na ciki yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Yaya ya bi idonta, ya gane.

"Yaya, kada ka faɗa masa. Na roƙe ka."

Duk wanda ya taso a gidan ya san dokar Baba guda biyu, ya sha faɗarsu har yara suna kwaikwayonsa a bayan ido. Ta farko, a laluba kafin a ɗora wuta. Ta biyu, abin da hannuna ya ƙona, wuyana ya ɗauka. Akwai shekarar da ya ƙona rigar wani malamin makaranta, sai da ya sayar da kekensa ya biya, mai rigar na cewa ya yafe, shi yana cewa bai yafe wa kansa ba. To in ya ji ya ƙona gida sukutum, me zai sayar? Shagon? Ko kansa?

Yaya ya sake ta, ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Haba ƙanwata, ni da ke ai ciki ɗaya. Zauna nan, ina zuwa."

Ba a jima ba turare ya cika shagon.

Ƙamshi ya shigo da riguna biyu a hannu, wai wanki ya kawo, rigunan kuwa ko ƙura ba su gani ba. Ya jingina da kanta, ya sassauta murya.

"Gimbiya, yayanki ya gaya min. Wallahi raina ya ɓaci. Yaron nan ya sha wahala."

Auta ta harari Yaya. Yaya ya shiga duba silin.

"Ki kwantar da hankalinki. Takarda ai gidana ce. Ina da injin da ke ganin abin da ido ba ya gani, rubutun da wuta ta rufe yana ɗago shi tas. Sai dai inji ne mai son a nuna masa hanya. Sai an haɗa masa da ɗaya rabin, ya ga yadda layin ya taho."

"Yallaɓai, ɗayan yana wurinsa."

"Kin san inda yake ajiyewa?"

Ta kawar da kai. Hakan ya amsa masa.

"To ki ɗauko a hankali, kada ki tayar masa da hankali. Kafin azahar na gyara, ki mayar masa biyun lafiya lau. Shi bai san an yi ba, tsoho bai san an yi ba." Ya ɗan karkata kai wajen ɗakin guga. "Ko kin fi son ya ji? Mutum mai shekaru irin nasa, abin kunya irin wannan..."

"Me ya sa za ka taimake shi?"

Ƙamshi ya dafa ƙirji. "Ba shi nake taimako ba. Hawayenki ne ba na iya gani. In Allah ya yi ke tasa ce, ni wane ne?"

Daɗin baki dai, in ana sayar da shi, da Ƙamshi ya buɗe shago na huɗu.

*

Kasuwar 'yan waya ta cika ta batse. Auta ta ratsa tsakanin rumfuna, kiɗa na tashi ta nan, mai talla na ihu ta can.

Injiniya na sunkuye a kan teburinsa, gilashin ƙara girma a ido ɗaya, hayaƙin dalma na murɗawa sama. Ya sa sabuwar riga, ya rufe ta da tsohon tawul don kada ta ɓaci. Da ya ɗago ya gan ta, fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Uwargida ta iso. Dillali ya kira ni har ya gaji, na ce masa mabuɗin gidan yana hanya, yana kwalliya." Ya tura gilashin goshi. "Lafiya idonki ya yi ja?"

"Hayaƙin gawayi ne."

"Zauna. Bari in miƙa wa mai shagon can wayarsa, yanzu zan dawo."

Ya fita. Rumfar ta rage daga ita sai kwalin matattun wayoyi da ke ƙarƙashin tebur. Ta san wacce ce, wata baƙa mai fasasshiyar fuska wadda ko ɓarawo ba zai sunkuya dominta ba. A inda batir ke zama, nan rabinsa yake kwance.

Ta durƙusa. Ta ɗauka. Ta jefa a jaka.

Ƙafarta ɗaya na waje ta hango shi can tsakanin mutane, yana dawowa da robar ruwan sanyi a hannu, yana kare ta da jikinsa kada a ture. Saboda jan idonta ya sayo.

Ƙafar ta ƙi gaba.

Ya tarar da ita tsaye a bakin rumfa, hawaye na zuba ba sauti. Ta ciro baƙar wayar ta ajiye a kan tebur. Ta buɗe tafin hannunta ta ajiye takardarta a gefe.

Injiniya ya kalli wayar. Ya kalli takardar. Robar ruwan ta sulale ta gangara ƙarƙashin benci, ba wanda ya bi ta.

Ya jawo labulen rumfar ya rufe. Ya zauna a hankali kamar tsoho.

"Yi min magana," in ji Auta. "Ka zage ni. Don Allah ka ce wani abu."

"Wayar nan, ina za ki kai ta?"

Ta faɗa masa duka, tana shessheƙa, maganar na fita guntu-guntu. Igiyar baranda, Yaya, turare, injin da ke ganin abin da ido ba ya gani.

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Babu injin nan a duniya, Auta. Takardar rasit in ta yi baƙi ta yi. Abin da yake so shi ne ya ga biyun a haɗe. Wanda ya ga mabuɗi, shi ne mai kuɗi, ba a tambayarsa suna."

"Amma ai tsakiyar ta ƙone."

"Kwamfuta tana iya cike giɓi. Ta gwada wannan harafi, ta gwada wancan, har ta dace. Shi yana da su a jere kamar buhunan shago. Kafin ki dawo karɓar takardarki ya kwashe, ya ce miki inji ya kasa, ya ba ki hankici ki share hawaye."

Auta ta kama gefen tebur. "To kai ma ka gwada mana. Kana da kwamfuta."

Ya sauko da gilashin kan idonsa, ya sunkuya a kan takardar, ya daɗe. Ya juya ta wajen fitila, ya karkata ta, ya sake karkatawa.

"Na gefe-gefen ina ganin ƙafafunsu, zan iya cinka. Na tsakiya sun tafi. In kaɗan ne, tsohuwar nan tawa za ta iya, ta yi kwanaki tana nishi, ko makonni. In sun fi haka..." Ya cire gilashin. "Sai jikokinmu su ci gaba."

"Yau fa?"

"Yau babu."

Ta zame ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. "Na kashe ka. Duk kwanan da ka yi a rumfar nan, duk yunwar da ka sha. Ka ba ni amana na shanya ta a igiya kamar tsumma. Sannan na zo zan yi maka sata."

"Kin fita da ita?"

"Saura kaɗan."

"Saura kaɗan ba sata ba ce. Tashi, ƙasan nan duk dalma ce." Ya yi gyaran murya. "Ni ne jakin. Na tsaya ina wayo, na ƙi kai wa maɗaba'a don kada injinsu ya riƙe kwafi, na zo na buga a takardar da ko shayi aka ɗora mata sai ta ɓata rai. Kullum ina ganin rasit na koɗewa a aljihun mutane. Ban taɓa kawowa a raina ba."

"Ba ka ji haushina ba?"

"Na ji." Ya kalle ta kai tsaye, idonsa ya kaɗa. "Ina ji yanzu haka, har cikin haƙorina. Amma in na huce a kanki, na rasa gida na rasa mai gidan. Wa ya goge rigar?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba."

Ya rufe ido. Ya san dokokin nan biyu, shi ma ya sha jin su a bakin ƙofa.

"Bai sani ba?"

"Bai sani ba. In ya sani zai sayar da shagon, na rantse maka. Ba zai iya haɗa ido da kai ba har ya mutu."

"To ba zai ji a bakina ba."

"In ka je hannu wofi zai kore ka."

"Na sani."

"Mu ce dillali ne ya yi tafiya. Mu ce an ɗaga."

"Ranar farko da zan zauna gabansa a matsayin mai nema, in fara da ƙarya?" Ya ɓalle bayan baƙar wayar, ya ciro rabinsa, ya sa kowanne a aljihu daban. "Je ki gida ki sa rigar. Ya sha wahalar goge ta."

*

La'asar ta yi, ɗakin guga ya ɗauki zafi. Kayan mutane na rataye layi-layi cikin leda, bahon jiƙo na gefe cike da ruwan sabulu. Baba bai yarda da dutsen lantarki ba, wai ba shi da nauyin hannu. Nasa na gawayi ne, tsoho, baƙi, hancinsa da ɗan giɓi tun ranar da ya faɗo daga tebur shekarun baya. Yana ajiye a kan mazauninsa yana huci.

Baba na zaune a kujerarsa. Injiniya na durƙushe a gabansa. Auta na raɓe a bakin ƙofa cikin rigar mai duwatsu, Inna a bayanta tana leƙe ta kafaɗarta. Yaya kuwa ya shige tsakanin kayan da ke rataye, wai yana neman rigar wani.

"Ina shaidar?" in ji Baba.

"Babu, Baba."

Inna ta tafa hannu a hankali. "Na faɗa."

"Ke, ba da ke nake ba." Baba bai ko juya ba. "Babu gidan, ko babu kuɗin?"

"Gidan yana nan. Kuɗin ma suna nan. Mabuɗinsu ne ya lalace a hannuna."

"Kuɗi da mabuɗi. Akwati ne?"

"Kusan haka ne, Baba. Takarda ce, da rubutu. Rubutun ne ke buɗewa. Na yi sakaci na buga a takarda marar ƙarko, zafi ya taɓa ta, wani wuri ya goge. Zan gwada nemo shi, amma ba zan ce maka ga rana ba. Zai yiwu ma ba a samu ba."

"Kana nufin ka zo ka gaya min ba ka da komai."

"Na zo ne don ka ce in zo."

Baba ya dube shi. "Na ji ana cewa yaran yanzu suna da dukiya a iska. Ban taɓa gani ba. Nuna min abin da ka sa 'yata jira a kansa."

Injiniya ya waiga, bai ga kowa kusa ba sai riguna. Ya miƙe ya ciro takardun biyu, ya jera su a kan farin zanen teburin guga, ya kare su da tafin hannunsa.

Baba ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya sunkuya.



Bai kalli haruffan ba, me zai gane a ciki? Tabon ya kalla. Ya sa yatsa ya bi gefensa, ya gangaro har tsini, ya tsaya a kan ɗan giɓin. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ɗago a hankali ya kalli dutsen gugarsa.

Daga dutsen ya juya ya kalli ƙasan rigar Auta, inda sabon ɗinki ya fito fili tsakanin duwatsu, zaren ma bai dace da kalar ba.

"Zafi ya taɓa ta, ka ce."

"E, Baba."

"Wane zafi?"

"Sakacina ne, Baba."

"Ban tambaye ka na wane ne ba. Wane zafi?"

Injiniya ya kalli ƙasa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"A ina takardar nan ta kwana?"

Ta fashe da kuka ta durƙushe a wurin. "Baba ka yafe min. Ni na ɓoye a kalmasa, ni na shanya. Ba ka sani ba, ba laifinka ba ne."

Baba ya cire tabarau.

"Rigar ba ta da aljihu," ya ce, kamar da kansa yake. "Na ce ta 'yata ce, me zan laluba? Na bi tsakanin duwatsun da hanci, a hankali, don kada in fasa mata ko ɗaya." Ya juyo ga Injiniya. "Ka san ni ne?"

"Na sani."

"Ka zo ka durƙusa, na kusa korar ka, ka yi shiru."

"Gyara ka yi niyya, Baba. Ba a biyan mutum da kunya a kan gyara."

Inna ta matso. "Malam, kada ka bari yaron nan ya ɗaure ka da baki. Wa ya ce ya ba ta ajiya? Wa ya san ma akwai kuɗin? Takardar rasit ce fa, ko mai kanti..."

Wani haske ya wulga a kan farin zanen. Ƙyas.

Rigunan da ke rataye kusa da tebur suna ɗan lilo, a ƙarƙashinsu ga takalman Yaya.

Injiniya ya kifa hannu a kan takardun, amma an riga an yi.

"Baba, hoto ya ɗauka. In ya tura wa maigidansa, an gama. Zai riga ni."

"Fito," in ji Baba.

Yaya ya fito yana murmushin yaƙe, babban yatsansa na kan fuskar waya. "Taimako ne fa, Baba. Akwai injin da..."

"Ba ni."

"Baba, wayar sabuwa ce, maigida ne ya..."

"Na ce ba ni."

Tsoho ne, amma hannun da ya shekara yana matse barguna ba abin wasa ba ne. Kafin Yaya ya ja da baya wayar ta bar hannunsa. Baba ya juya fuskarta wajen Injiniya.

"Ya tafi?"

Injiniya ya leƙa. Ɗan da'irar nan tana juyawa a kan hoton, tana juyawa. Ɗakin guga, da rufin kwanonsa da kaurin bangonsa, bai taɓa riƙe sabis ɗin kirki ba. Kullum Yaya na tsine wa ɗakin saboda haka.

"Yana kan hanya, Baba. Bai fita ba tukuna."

Baba bai tambayi inda ake dannawa ba. Ya miƙa hannu kan bahon jiƙo ya buɗe yatsunsa.

Tsulum.

Kumfa ta rufe. Hasken ya ɗan yi rawa a ƙarƙashin ruwan sabulu, ya mutu.

"Baba!" Yaya ya dafe kai da hannu biyu.

Baba ya goge hannunsa a zanen kafaɗa, yatsa bayan yatsa. Ya koma ya zauna, ya dubi Injiniya.

"Kai, naɗe takardunka, kowacce daban. Kwamfutar taka tana cin wuta da yawa?"

"A'a, Baba."

"Ɗakin ajiyar kaya na sama yana da ƙofa mai kwaɗo, mabuɗin ɗaya ne, ga shi. Ka kawo ta can ta yi ta nishinta. In ta gano, ka sayi gidanka. In ba ta gano ba, ɗakin da na kusa da shi naka ne, in sa hannu a gaban shaidu. Abin da hannuna ya ƙona, wuyana ya ɗauka."

"Baba, ban zo don..."

"Ban tambaye ka ba."

Inna ta buɗe baki, ta kalli fuskar mijinta, ta mayar ta rufe. Matan layi sun ce tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa ganin haka ba.

Yaya na durƙushe gaban baho, hannu cikin kumfa har gwiwa. Ya tsamo wayar tana ɗiga, ya girgiza ta, ya danna, ya sake dannawa.

"Yanzu wa zai biya ni wannan? Me zan ce wa maigida?"

Baba ya ɗauki dutsen gugarsa, ya hura garwashin, ya jawo rigar da ke saman tuli. Ya laluba aljihunta, ya laluba wuya, ya bi kalmasar da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya ɗora wuta.

"Ka kai wa mijin ƙanwarka," ya ce. "Na ji an ce ya iya gyara."